Mu ware wa shanun iri ranar kasuwarsu

Ƙungiyarmu ta masu kiwo da ke nan gefen Tsibiri ta taɓa yin wata asara wadda har yau idan aka tuna ta a taro sai kowa ya yi shiru. Mun yi wata da watanni muna karo-karo don mu sayi bijimi guda wanda zai riƙa hawan shanun membobi. Ina cikin mutum uku da aka wakilta su je sayen. Tun da hantsi muka shiga kasuwa, muka zagaya, idonmu ya faɗa kan wani jan bijimi mai tozo da faɗin ƙirji, gashinsa sai sheƙi yake. Ashe wani ɗan kasuwa mai loda shanu zuwa Najeriya shi ma ya ƙyalla ido a kansa. Dillali ya shiga tsakani, ya zo wurinmu ya koma wurinsa, kuɗi na hawa, har muka biya abin da ba mu fito da niyyar biya ba. Muka jawo shi gida muna murna, yara na biye da mu.

Damina ta wuce, kaka ta wuce. Yawancin shanun da ya hau suka dawo suna neman namiji. Cikin ƴan kaɗan da suka ɗauka, biyu suka yi ɓari a wata na bakwai, mabiyiya kuma ta ƙi faɗuwa. Sai a lokacin muka kira likitan dabbobi. Da ya taɓa ƴaƴan marainan bijimin ya tarar ɗaya ya kumbura ya yi tauri. Aka ɗebi jini, sakamako ya nuna bakkale. Likita ya ce ko ma ta ina cutar ta shigo garken, wannan bijimi dai aikinsa ya ƙare. Muka sayar wa mahauta. Kuɗin da muka rasa tsakanin saye da sayarwa ba shi ne ya fi yi mana ciwo ba. Abin da ya fi ciwo shi ne shekara guda cur ta wuce babu maruƙa, babu nono, matan da suka ba da kuɗin adashinsu cikin karo-karon suka zauna hannu rabbana.

Na daɗe ina ɗora laifin kan dillali. Daga baya na gane laifinmu ne da na yadda kasuwanninmu suke. Mun je neman uban garke a wurin da ake auna dabba da idon mahauci, muka yi takara da mai sayen nama, muka biya farashin nama har da ƙari, alhali abin da muke bukata ko tambayarsa ba mu yi ba. Shi ya sa nake ganin lokaci ya yi da ƙungiyoyin makiyaya na jihar Maraɗi za su ware wa shanun iri, wato bijimai da karsanai na haihuwa, ranar kasuwarsu ta dabam, a riƙa yin cinikinsu a bainar jama'a, bayan likita ya duba su.

Wa yake yanka farashi a kasuwanninmu?

Duk wanda ya saba zuwa kasuwar dabbobi ta Maraɗi, ko Sabon Mashi, ko Dakwaro, ko Gidan Rumji, ya san wanda ke riƙe da wuƙa da nama. Manyan masu saye su ne ƴan kasuwar da ke tara shanu su bi ta Ɗan Isa su shiga Jibiya, daga can a wuce da su Kano ko kudancin Najeriya, sai kuma mahautan gida. Dukkansu abu ɗaya suke dubawa: kilo nawa za a samu idan an yanka. Ranar da suka shigo da kuɗi kasuwa ta yi zafi, ranar da ba su zo ba ta yi sanyi.

Su ma ba su da iko da kansu. Darajar naira ce ke juya su. Da naira ta faɗi a 2016, ɗan kasuwar da ke sayar da sa a Najeriya ya canza kuɗin zuwa sefa sai ya ga ya yi asara, saboda haka ya rage saye, farashi ya karye a nan. Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa daga Agustan 2019 har Disamban 2020. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 aka sake rufewa har Maris na 2024, a daidai lokacin da naira ta ƙara zubewa. Gabanin Babbar Sallah ta 2025 kuma hukumominmu suka hana fitar da dabbobi waje. Ko wane ɗaya cikin waɗannan ya taɓa aljihun makiyayi, kuma babu wanda ke da alaƙa da kyan irin saniyarsa.

Ga kuma yanayin shekara. Da bazara, sa'ad da ciyawa ta ƙare, harawa da dusa suka yi tsada, hatsi ya hau, makiyayi kan fito da dabbobinsa a rame don ya sayi gero, a saye su da arha. Da kaka dabbobi sun yi ƙiba, manoma sun sayar da amfani suna neman abin da za su turke, farashi ya tashi. Kafin saukar ruwa kuma masu neman shanun huɗa su shigo. Wannan hawa da sauka na dabbar nama ne da ta aiki. Amma da yake babu wata kasuwar, ita ma dabbar iri a cikinsa ake jefa ta.

Sakamakon haka kowa na cutuwa. Makiyayin da ya yi shekaru yana zaɓe, ya san uwar bijiminsa da kakarsa, ya san ba ta taɓa ɓari ba, ya san yawan nononta, idan ya kai kasuwa kuɗin nama za a ba shi. In ma bijimin ya ɗan rame saboda yana cikin garke yana aiki, sai wanda aka turke aka ɗura wa dusa da angurya ya fi shi kuɗi. To, me zai sa ya ci gaba da wahalar zaɓe? Shi kuma mai neman iri, kamar mu, sai ya yi sayen biri a sama. Mafi muni, bijimai masu kyau da ya kamata su bar baya a garkunanmu suna hawa manyan motoci zuwa mayanka, ƙananan da ba su da kasuwa su ne ke zama suna hawan shanunmu.

Abin da mai neman iri ya kamata ya biya

Darajar bijimin iri tana cikin abubuwan da ba a gani daga nesa. Na farko shekaru, kuma baki ne ke faɗinsu: manyan haƙoran gaba biyu na farko kan fito wajen shekara 2 zuwa 2 da rabi, baki ya cika da takwas wajen shekara 4 zuwa 5. Wanda haƙoransa suka fara cinyewa ya ba da baya. Na biyu ƴaƴan maraina: su zama biyu, daidai da juna, masu girma, babu kumburi, babu tauri. Na uku ƙafafu, musamman na baya, domin bijimin da ke ɗingishi ba zai iya hawa ba, ba zai iya bin garke zuwa mashaya ba. Na huɗu asali: wace ce uwarsa, sau nawa ta haihu, yaya nononta. Na biyar, wanda ya fi duka, lafiya.

Cututtukan da suka fi yi mana ɓarna da yawansu ɓoye suke zuwa. Ciwon huhu na shanu yana iya yin makonni, har watanni, a jikin dabba kafin ya bayyana, kuma wadda ta yi shi ta tashi tana iya ci gaba da ɗauke da shi tana harbin sauran ta numfashi. Bakkale kan sa ɓari a watannin ƙarshe na ciki, ya hana mabiyiya faɗuwa, ya kumbura gwiwa, kuma yana kama mutum ta ɗanyen nono ko ta taɓa abin da aka ɓarar da hannu. Tarin fuka ma haka yake, yana ratsawa daga saniya zuwa mai shan nononta. Babu dillalin da zai gane waɗannan da ido, komai daɗewarsa a kasuwa. Gwaji ne ke nuna su, kuma na bakkale ɗan jini kaɗan ake ɗiba.

Mu yi lissafi da misali kawai. A ce bijimin da ba a san asalinsa ba jika 400 ne, wanda aka gwada aka san uwarsa kuma jika 500. Bijimi baligi mai lafiya yana iya ɗaukar nauyin shanu 25 zuwa 30. Saniya na yin wata 9 da ƴan kwanaki da ciki. Idan na arhar ya kasa, kafin a gane an rasa damina guda. Ko da maruƙa 10 ne kawai aka rasa, a kwatanta kuɗinsu da na nonon iyayensu da jika 100 ɗin da aka yi tsimi. Araha ba ta ado, a wannan fanni kuwa har tsiya take jawowa.

Muna da abin da za mu gina a kai

Ƙasarmu ba baƙuwa ba ce a harkar zaɓen iri. Tashar Tukunus da ke yankin Filinge ta yi shekaru da dama tana zaɓen shanun Azawak, waɗanda har a Mali da Burkina Faso ake neman su saboda nono da jure fari. Bayan farin 1973 aka buɗe cibiyoyin hayayyafar dabbobi don a maido da garkunan da suka ƙare, irin su Fako a arewacin Dakwaro, da Ibesetan a jihar Tawa, da Sayam a jihar Difa inda ake kula da shanun Kuri. A nan Maraɗi ga cibiyar jar akuya, wadda ta sa sunan garinmu ya zaga ƙasashe. Muna da LABOCEL a Yamai mai yin magungunan rigakafi da gwaje-gwaje. Muna da likitocin dabbobi masu zaman kansu da mataimakansu da ke shiga ƙauyuka da rugage. Kowace shekara ana zagayen allurar rigakafin ciwon huhu. Akwai kuma tsarin SIM Bétail da ke tattara farashin kasuwannin dabbobi. Sama da duka, Fulani da Buzaye da Hausawa masu kiwo suna riƙe da tarihin shanunsu a ka, uwa da kaka, fiye da abin da wani littafi zai riƙe.

Abin da babu shi ne wurin da wannan sani zai zama kuɗi. Cibiyoyin gwamnati ba za su iya wadatar da kowa da bijimai ba. Yawancin iri mai kyau yana hannun makiyaya, kuma yana yawo ne ta hanyar kyauta, ko aro, ko habbanaye tsakanin dangi da aminai. Wannan al'ada ce mai kyau, a riƙe ta. Amma manomin Jiratawa da ya tara kuɗin kayan lambu yana son karsana biyu, ko ƙungiyar mata masu sayar da nono a Maraɗi, ba su da dangi a ruga. Kasuwa kaɗai suke da ita.

A ƙasashe irin su Afirka ta Kudu, Namibiya da Barazil, gwanjon shanun iri dabam yake da kasuwar nama. Kowane bijimi na zuwa da takardar shekarunsa da iyayensa da sakamakon gwajinsa, a karanta a gaban kowa, sannan a fara tayi. Ba na cewa mu kwaikwaye su kan komai, domin kiwonsu da namu ba ɗaya ba ne. Darasin dai shi ne, inda aka bayyana asali da lafiya, masu saye suna biyan su.

Yadda nake ganin za a yi

Ƙungiyoyi uku ko huɗu na Tsibiri, Maraɗi da Jiratawa su haɗa kai da ofishin kiwo da ma'aikatar magajin gari, su tsayar da rana sau biyu a shekara. Ɗaya da kaka bayan an kawar da amfani, lokacin da garkunan da suka yi damina a arewa suke gangarowa kuma manoma na da kuɗi. Ɗaya kuma kafin zafin bazara, don bijimi ya saba da sabon wuri kafin damina, lokacin da shanu suka fi ɗaukar ciki.

Duk mai son kawo dabba ya rubuta ta tun da saura wata guda. Likita ya je ya duba haƙora, ƙafafu, maraina ko hantsa, ya ɗebi jini, ya tabbatar an yi mata allurar ciwon huhu ta shekarar, a saƙala mata lamba a kunne. Wadda ta faɗi gwaji ba za ta shiga ba. Ranar gwanjo a shigo da su ɗaya bayan ɗaya, mai shela ya faɗi lambar dabba, irinta, shekarunta, garin da ta fito, haihuwar uwarta, da abin da likita ya gani, da Hausa da Fillanci, da Buzanci idan da bukata, don wanda bai iya karatu ba ya ji da kunnensa. Mai dabba ya faɗi ƙaramin farashin da ba zai sallama ƙasa da shi ba. A yi tayi da babbar murya. A rubuta kowane ciniki, a sanar da farashin a gidajen rediyo, domin makiyayin da ke can nesa ya san abin da irinsa ya kai.

Na san abin da za a ce

Za a ce ina son a kori dillalai. Ko kusa. Dillali shi ne mai masaukin baƙo, shi ne ya san wane ne mai dabba na gaskiya. A wannan zamani da satar shanu ta addabi yankunan Madarunfa da Gidan Rumji, wanda zai tsaya ya ce na san mutumin nan, na san garkensa, ya fi da muhimmanci. Abin da nake ƙi shi ne cinikin raɗa, inda mai saye bai san abin da mai dabba ya karɓa ba, mai dabba bai san abin da aka biya ba. A Gogunu da ke arewacin Benin, makiyaya sun karɓi tafiyar da kasuwarsu, suka mai da dillalai shaidun ciniki masu lada sananne, mai saye da mai sayarwa suna magana ido da ido. Kasuwar ba ta mutu ba, wasu garuruwan ma koyi suka yi da ita. Mu ma a yanka wa dillali la'ada bayyananniya a kan kowace dabba, ya sa hannu a matsayin shaida.

Za a ce masu kuɗi ne za su kwashe komai, talaka ya koma kallo. Wannan tsoro na da tushe. Gwanjo yana son mai nauyin aljihu, kuma attajiran Maraɗi da ke zuba dukiya a kiwo ba za su tsaya a baya ba. Amma yau ma su ne ke saye, sai dai a ɓoye kuma da arha. Idan suka biya a fili, kuɗin na zuwa hannun makiyayin da ya yi wahalar. Maganin ƙaramin mai kiwo shi ne abin da muka yi tun farko, karo-karo a sayi bijimi ɗaya na kowa da kowa. Ana kuma iya ware wasu dabbobi a ce sai ƙungiyoyi ne za su taya su.

Za a ce takarda ana iya sayenta. Gaskiya ne, ranar da aka fara sa hannu ba tare da an duba ba, kasuwar ta mutu. Don haka a yi duban a gaban wakilan ƙungiyoyi biyu, lambar kunne ta dace da ta takarda, kuma a yi yarjejeniya a gaban shaidu: idan bijimi ya yi watannin da aka amince a cikin shanu masu lafiya babu wadda ta ɗauka, likita ya tabbatar daga gare shi ne, a mayar da shi ko a rage kuɗi. Mai sayarwa da ya san za a iya dawo masa da kaya ba zai kawo na banza ba.

Za a ce tara dabbobi wuri guda yana yaɗa cuta. Haka ne, kuma kowace ranar kasuwa hakan ke faruwa ba tare da wani ya duba ba. Wurin da sai wadda aka duba ce ke shiga ya fi aminci. Duk da haka a yi shi nesa da kasuwar yau da kullum, kada su sha ruwa a kwami ɗaya, kuma idan ciwon baki da kofato ya ɓulla a yankin a ɗaga ranar.

Za a ce makiyayi ba ya sayar da saniyarsa mai kyau. Ba ya sayarwa, kuma daidai ne. Amma garke ba ya bukatar dukan mazan da aka haifa a cikinsa. Ɗan saniya mai kyau da za a sayar ko ta yaya, gara ya tafi wani garken da farashin iri da ya tafi mayanka da farashin nama. Shi kansa mai garken yana bukatar sabon jini, domin bijimin da ya daɗe har ya fara hawan ƴaƴansa yana raunana zuri'a.

Kafin ranar ta zo

Wannan tsari ba zai tsaya gobe ba, amma akwai abin da kowannenmu zai iya yi tun daga kasuwa mai zuwa. Kada ka je sayen bijimi ko karsana kai kaɗai. Tafi da mataimakin likitan dabbobi na yankinku, ka biya shi ladansa. Buɗe baki ka ga haƙora, ka taɓa maraina, ka sa a ja dabbar ta yi tafiya ka ga ƙafafu, ka saurari numfashinta bayan ta ɗan yi gudu. Tambayi garin da ta fito da dalilin sayar da ita. Saniya babba mai kyan gani da aka kawo kasuwa ba a lokacin matsi ba, sau da yawa akwai abin da mai ita ya sani. Idan ka ga kana takara da mai loda mota, ka tuna shi kilo yake saye, kada zafin ciniki ya ja ka. In ka kai gida, ka ware ta aƙalla wata guda, turkenta dabam, ruwanta dabam, a ɗebi jininta kafin ta shiga cikin sauran. Wata guda ba zai tona kowane ciwon huhu ba, saboda haka ka tabbata naka garken ma an yi masa allurar bana.

Ku kuma ƴan uwa masu garke, ku fara rubuta haihuwa, ko ku sa yaro ɗan makaranta ya rubuta muku: wace ta haihu, yaushe, wane bijimi ne uban. Littafin jika ɗaya ya isa. Ranar da za a buɗe kasuwar iri, wanda ya zo da wannan littafi shi ne zai faɗi farashi a saurare shi.

Mu dai bijimin da muka saya daga baya, har rugar mai shi muka je, muka ga uwarsa ana tatsarta, likita ya duba shi kafin mu ƙirga kuɗi. Bai kai na farkon girma ba, kuma mun biya fiye da abin da mahauci zai bayar. Ƴaƴansa ne ke kiwo yanzu a bakin Gulbin Maraɗi. Ba kowa ne zai iya yin wannan tafiya ba, shi ya sa nake roƙon shugabannin ƙungiyoyinmu su sa maganar nan cikin abin da za a tattauna a taro mai zuwa, a fara ko da dabbobi 20 ne. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya kare mana dukiyarmu.